Maigidana ya faɗi yana kumfa, Mma ta ce iska ce, ni kuwa na san abin da ke aljihunsa

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, shekarata 27, da yara biyu da ƙaramin ciki. Maigidana pragya yake tuƙawa, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, irin wadda mutum ke aiki yana biya har ta zama tasa, saura masa wata 7 ya gama. Mutum ne mai haƙuri da neman na kansa. Amma tun bara ya sauya. Ya rame, ba ya cin abincin kirki, kullum cikin soshe-soshe, ana cikin hira sai ya hau gyangyaɗi, da safe kuma ya tashi kamar wanda aka yi wa duka, ga faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Har haƙƙin aure ya ja baya. Wata rana ina wanki na tsinci katin jar ƙwaya a aljihunsa, an rubuta 225 a jiki. Da na tambaye shi ya ce ta ciwon baya ce, kowa a tasharsu yana sha, biyu da safe da lemon ƙarin kuzari, ɗaya da la'asar. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba.

Makon jiya ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, kumfa na fita, har ya ciji harshe. Aka danna masa cokali a baki, aka kwara masa ruwa. Da ya farfaɗo bai san abin da ya faru ba, washegari ya ɗauki pragya ya fita aiki. Mma, mahaifiyarsa, ta ce iska ce ko sammu, don ana baƙin cikin ya kusa mallakar abin hawa, tana shirin a kai shi wani ƙauye wurin mai magani inda ake ɗaure mutane. Yayana ya ji gaskiyar maganar a bakin 'yan tasha, ya ce in kwashe yara in dawo gida, in ba haka ba zai haɗa shi da 'yan sanda. Ga kuɗin susuna, wato adashi, sidi 800 sun ɓace daga akwati. Hajiya, in karya rantsuwata? In kwashe ƙwayoyin in zubar? Ko in tafi gidanmu? Ina son mijina, amma tsoro ya hana ni barci.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba ki da cikin nan lafiya, ya ba maigida lafiya. Tsoron da ya hana ki barci yana kan hanya, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ba ya cikin tambayoyinki uku. Shi ne cewa mutumin da ya yi jijjiga a tsakar gida ya wayi gari ya ɗauki fasinja. Jijjiga ba ta sallama. Wadda ta zo masa a gida za ta iya zuwa masa a gangaren Aboabo ko a tsakiyar cunkoson kasuwar Kejetia, da mai goyo da 'yan makaranta a bayansa. Kafin maganar saki, kafin maganar sidi 800, wannan ce ta yau: kada ya sake hawa pragya sai likita ya duba shi ya ce ya hau.

Ga abin da ke cikin aljihun nan. Tramol, wato tiramadol, maganin ciwo ne na gaske, ɗan gidan su mofin, likitoci suna rubuta shi bayan tiyata ko karaya. Wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince da shi mai miligiram 50 ne da mai 100, kuma iyakar abin da ake ba babban mutum a wuni guda miligiram 400 ne. Masu 120 da 225 da 250 ɗin da ke yawo a tasha da bes-bes, wato majalisun samari, ta bayan fage suke shigowa. Ki lissafa da kanki: uku sau 225 ya kama 675, ya zarce iyaka nesa, ko da ya faɗa miki gaskiyar adadin, alhali mai shan ƙwaya bai cika faɗa wa matarsa duka ba. Jijjiga sananniyar illar tiramadol ce idan ya yi yawa, kuma rashin barci da wofin ciki suna ƙara kusanto da ita. Ƙaiƙayin jiki, gyangyaɗi, taurin bayan gida, rama da mutuwar sha'awa duk nasa ne. Samari da yawa sun fara shi ne don an ce yana sa a daɗe a shimfiɗa, daga baya ya rage musu sinadarin mazantaka ya bar su ba sha'awa. Don haka ki cire zargin kanki a wannan fannin, ba ke ya daina so ba.

Akwai ƙarin matsala. Jar ƙwayar da ake kira red a 'yan shekarun nan ba lalle ba ne tiramadol zalla. Binciken da BBC ta fitar a farkon 2025 ya nuna ƙwayoyin da ake yi a Indiya ana shigo da su Ghana da Najeriya da Kwaddibuwa, haɗin magunguna biyu: tapentadol, wanda ya fi tiramadol ƙarfi, da karisofirodol, mai saki jijiya, wanda ƙasashen Turai suka daina amfani da shi saboda yadda yake kama mutum. Bayan binciken Indiya ta hana yin haɗin. Dukansu biyun suna danne numfashi, shi ya sa ake ganin matashi a tsaye ya sunkuya yana barci a bakin titi. Maigidanki bai san takamaimai abin da yake haɗiya ba, mai sayar masa ma bai sani ba. Ki adana katin da kika tsinta, ko ki ɗauki hotonsa gaba da baya a waya, likita zai so ganinsa.

Kuma ki bincika cikin hikima ko akwai wani abu da yake haɗawa. Mai shan ƙwayar da ke hana shi barcin kirki yakan nemi ta barci da dare, su diyazefam, ko maganin tari mai kodin, wanda Ghana ta haramta tun 2018 amma bai ɓace daga kasuwa ba, ko giya mai ɗaci da ake saya a 'yar leda. Kowanne daga cikinsu idan ya haɗu da jar ƙwaya, numfashi ne ke raguwa a cikin barci har ya tsaya, mutanen gida su ce ya kwanta lafiya bai tashi ba. Wiwi kuma tata illar daban, ta fi taɓa ƙwaƙwalwa: mantuwa, zargin mutane, wasu har jin muryoyi, musamman wanda ya fara da ƙuruciya.

Kada ki kwashe ƙwayoyin ki zubar. Na san hannu yana ƙaiƙayin yin haka, amma jikin da ya shekara yana karɓa ya riga ya dogara da ita. Tashin da yake yi da safe kamar an yi masa duka, ƙwayar jiya ce ta sake shi. Idan aka yanke masa farat ɗaya, cikin wuni guda zai fara gumi, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, zawo, amai, rawar jiki da ƙuncin rai, abin ya tsananta a kwana na biyu da na uku, ya ɗauki kusan mako kafin ya lafa. In akwai karisofirodol ko ƙwayar barci a ciki, yankewar kanta tana iya kawo wata jijjigar. Abin da zai faru kawai shi ne ya fita a fusace ya sayo wata, ya koyi ɓoye miki, ke kuma ki zama abokiyar gaba. Ragewa aikin likita ne, kaɗan-kaɗan, da magungunan da ke sassauta wahalar. Kada kuma ki saka masa wani abu a abinci a ɓoye, ko rubutu ko na kemis. Abu ɗaya da za ki tsaya a kai ba sassauci: ƙwayar ba za ta kwana a aljihun wando a rataye ba. Gidan da ke da yara biyu, ja ce mai kama da alewa, guda ɗaya ta isa ta kashe ƙaramin yaro.

Sai rantsuwa. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi, zai tabbatar miki da hadisin da ya ce wanda ya rantse a kan abu, sannan ya ga waninsa ya fi alheri, to ya aikata wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Kaffarar tana cikin Suratul Ma'ida: ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, wanda bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Rantsuwar da riƙe ta zai kai mutum kabari, ko ya kai fasinjansa, ba wadda ake riƙewa ba ce. Balle ma asirin da kike gadi ya daɗe da fita. 'Yan tasha sun sani, mai sayarwa ya sani, yayanki ya sani. Waɗanda ba su sani ba su ne kaɗai masu iya taimakonsa, wato mahaifiyarsa da likita. Shirunki ƙwayar yake karewa.

Amma shi za ki fara tara, kada ya ji a bakin wani. Ki zaɓi lokacin da ya yi wanka ya ci abinci, yara sun yi barci, ba da sassafe ba lokacin da jiki ke nema, ba kuma lokacin da idonsa ke lumshewa ba. Kada ki fara da kuɗin susu, kada ki kira shi ɗan ƙwaya. Shi bai ga faɗuwarsa ba, ke kika gani, to ki ba shi labarinta dalla-dalla: yadda idonsa ya juye, jinin harshensa a riga, inda babban yaronku yake tsaye yana kallo. Sannan ki ce masa a fili, Baban yara, ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba, zuwa Juma'a ko mu je asibiti tare mu faɗa wa mutum ɗaya daga danginka, ko ni in faɗa. Ki bar shi ya zaɓi mutumin, wansa ko kawunsa ko limamin da yake jin nauyi. Zai yi fushi, zai ce yana iya bari da kansa, wataƙila ya rantse miki da Alƙur'ani. Ki karɓi niyyarsa da hannu biyu, amma kada ki janye ranar. Yawancin masu wannan rantsuwa da gaske suke yinta, jiki ne ke karya ta kafin kwana uku.

Ina so ki kuma dubi abin daga inda yake zaune. Wanda ke biyan pragya yana tashi da bashi a wuyansa kowace safiya: kuɗin mai ita, kuɗin mai, kuɗin tasha, kafin a zo kan kuɗin cefane. Daga asuba zuwa bayan isha'i yana kan kujerar da ke buga masa ƙugu a kowane rami. Ciwon bayan da ya ce yana yi mai yiwuwa gaskiya ne, kuma ranar da abokin aiki ya miƙo masa ƙwayar farko, taimako ya ɗauka. Irin wannan hanya ce ta kama makanikai a unguwar garejojin Magazine, da masu dako a kasuwa, da 'yan galamse masu haƙar zinare ba izini. Wannan bai wanke shi daga ɗaukar kuɗinki ba, in shi ya ɗauka, amma yana nuna miki abin da zai hana shi zuwa asibiti: tsoron a ƙwace pragya saura wata 7. In ba a warware wannan ba, duk wa'azin duniya ba zai sauke shi daga kanta ba. Nan ne aikin wansa ko kawunsa. Su je wurin mai pragyar su ce ba shi da lafiya, wanda gaskiya ne, a samu amintaccen yaro ya riƙa tuƙawa yana kai kuɗin har ya warke, a rubuta a takarda da shaidu. Mai abin hawa kuɗinsa yake so, kuma ya fi kowa asara idan aka kife da ita.

Mma kuwa kada ki ɗauke ta abokiyar hamayya. Uwa ce ta ga ɗanta yana shure-shure a ƙasa, ta fassara da abin da ta sani, kuma iska ta fi ƙwaya sauƙin faɗa wa maƙwabta. Ba bakinki ya kamata ta ji maganar ba, don suruka in ta ji daga matar ɗa sai ta ce sharri ne. Ɗanta babba ko ƙaninta ya zaunar da ita. Kada kuma a ce mata ta bar addu'a. A yi ruƙiyya, a yi sadaka, a sauke Alƙur'ani, duk a gida, asibiti kuma na tafiya. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ƙauyen nan. Ɗaure mai shan ƙwaya da mari yankewa ce farat ɗaya ba likita a kusa, ga wanda ya riga ya yi jijjiga, sau da yawa har da horon yunwa. Hukumar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta hana ɗaure marasa lafiya da sarƙa a irin waɗannan wurare. Wanda ya dawo daga can yakan dawo da tabo a ƙafa da ƙullin danginsa a zuci, kuma ƙwayar na nan tana jiransa a tasha.

Inda za ku je ba nisa. Asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, asibitin gwamnati na Tafo ma haka, kuma a asibitocin gundumomi akwai nas-nas da aka horar kan wannan aiki. Na san da an ce sashen ƙwaƙwalwa sai mutanenmu su ce ai ba mahaukaci ba ne. To ku shiga ta ƙofar da ba zai ƙi ba: mutum ya yi jijjiga, yana da ciwon baya, dole a duba shi. A gaban likita a faɗi komai, sunan ƙwaya, guda nawa, tun yaushe, me ake haɗawa. Likita ba ɗan sanda ba ne. Zai kuma duba ko akwai wani dalilin jijjigar daban, kamar farfaɗiya ko tsohon rauni a kai, ya nemi maganin bayan da ba ya kama mutum. In ya ga sai an kwantar da shi na tsawon lokaci, akwai sashen farfaɗo da masu shaye-shaye a Pantang kusa da Accra da kuma Ankaful kusa da Cape Coast. Kwanciya tana cin kuɗi, ku tambayi farashi tun da wuri, dangi su haɗa hannu, ki kuma sabunta masa katin inshorar lafiya yanzu.

Yayanki kishinki yake yi, ki gode masa, amma ki roƙe shi ya ajiye maganar 'yan sanda. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2020 ta sassauta wa wanda aka kama da abin shansa, ta mayar da hukuncin tara, dillalai ta bar wa ɗauri mai tsanani. Ko da hakan, kwana a sel ba ya raba mutum da ƙwaya, sai dai ya raba gida biyu. In yana son ya huce a kan masu sayarwa, ya bi ta hannun sarkin unguwa da limamai a kai rahoto ga NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ba tare da sunan mijinki ba. Ki tuna masa da sahabin da aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda shan giya, da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

Maganar tafiya gida, ban ce ki tafi yau ba, ban kuma ce ki zauna ko ta halin ƙaƙa ba. Mutumin da kika kwatanta yana da abin da ake tsayawa a ceto. Amma ki ja layi, ki faɗa masa a gaban wanda ya zaɓa. In ya ɗaga miki hannu, ko ya tsorata yara, ko Juma'a ta wuce ta sake zagayowa ya ƙi asibiti yana ci gaba da ɗaukar fasinja, ki ɗauki yaranki ki je gida da sanin manya. Wannan ba neman saki ba ne, kuma sau da yawa ɗakin da ya zama wayam ne ke sa namiji ya yarda abin ya kai. In duka ya shigo, akwai ofishin DOVVSU na 'yan sanda, mai kula da cin zarafi a cikin gida. Kuɗinki kuma daga yau su bar akwati, su koma momo, wato asusun kuɗi na waya, da lambar sirrin da ke kaɗai kika sani, ko hannun mai susu. In ya ce ba na cefane, ki karɓi cefanen da kanki, kada ki miƙa tsaba. Ki ci gaba da zuwa awo, ki faɗa wa ungozomar asibiti halin da kike ciki, don rashin barcin nan ba ke kaɗai yake taɓawa ba.

Ko ya fara magani, ki sa a ranki zai iya zamewa. Makon farko ne na ciwon jiki, amma kasala da rashin barci da baƙin rai suna iya jan makonni, a nan ne tsofaffin abokan tasha ke da haɗari. Zamewa ba ta nufin magani ya ƙi, a koma asibiti kawai. Sai dai ki sanar da shi wannan da bakinki: jikin da ya huta ba ya ɗaukar adadin da. Wanda ya yi wata guda bai sha ba, ya koma ya watsa uku kamar yadda ya saba, shi ne aka fi rasawa.

In ya sake faɗuwa kafin ku kai ga likita, ki hana a saka masa cokali ko yatsa a baki, ki hana ɗura ruwa ko manja, kada a danne shi. A janye abin da zai buge, a sa tsumma ƙarƙashin kansa, da jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta a gefe, ki duba agogo. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa, ko bai farfaɗo ba, a kira 112 ko a sa shi a mota zuwa asibiti. Da dare kuma in kika ji minsharin da ba irin nasa ba, numfashi na ja da ƙyar, leɓe ya sauya launi, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗigo, kika girgiza shi bai tashi ba, kada ki jira asuba. Asibiti suna da allurar naloksun da ke dawo da numfashi in an kai mutum da wuri. Ki tafi da katin ƙwayar a hannu, ki miƙa wa nas ɗin farko da kika gani.